Igiya Mai Sili Shida

Shekara uku ke nan yana ta rufe idon Baba.
Shi da ya tsufa yana juya majigi
a silimar da yau ta koma ma'ajiyar siminti,
sai ga shi gaban tele yana karkata kai
kamar wanda aka kira, bai san daga ina ba.

Ni ce ɗiyarsa ta huɗu.
Ina tsaron shagon Rabe a bakin babbar kasuwar Maraɗi,
inda ake tura waƙa a waya, dala ashirin.
Can na koyi fiɗa:
a kwantar da faifan fim cikin kwamfuta,
a saɓule hoto kamar fatar akuya,
a bar sauti tsirara.

Ashe ba abu guda ba ne.
Igiya ce mai sili shida:
biyu a gaba, hagu da dama,
ɗaya a tsakiya mai dakon maganar mutane,
biyu a baya masu tafiyar sanɗa,
sai babbansu, wanda ba ya cewa komai,
gurnani kawai yake yi a ƙirjin mutum.

Na warware su ɗai-ɗai.
Na sauko da lissafinsu daga arba'in da takwas
zuwa arba'in da huɗu da ɗoriya,
don in an manta
muryar yarinya sai ta yi kauri kamar mai mura.
Sannan na sake tufke su
a cikin farin faifai na dala hamsin.

Na farko, ana tsakiyar ƙonawa aka ɗauke wuta.
Na biyu na sa a rediyon Rabe, sai shuuu,
kamar an jefa ɗanyen kifi a tafasasshen mai.
Ya ce, kin ɓata min kaya.
Lafiyar faifan ƙalau,
rediyon ce ba ta jin yarensa.
Sai da na tara kuɗin wata biyar
aka kawo min tsohuwar amfilifaya daga Jibiya.
Waɗanda suka lalace kuwa, guda tara,
suna rataye a gonar kawu a Jiratawa,
suna walƙiya, suna korar buwa.

Ranar Laraba bayan isha
na kewaye tabarmar Baba da sifiku:
ɗaya bisa murfin randa,
ɗaya bisa kifaffen turmi,
biyu a ƙusa, ɗaya a taga,
babban na tura shi ƙarƙashin gado.
Na danna.

Bai yi minti uku ba ya ɗaga yatsa.
"Tsaya. Motar ga daga dama ta hito,
amma ƙofarta ta ruhe a hagu.
Kin gicciya waya, Barira."
Na bi wayar da fitilar hannu.
Haka ne kuwa.

Can wajen tsakiya hadari ya taso a fim ɗin.
Mu muna cikin bazara,
ko ganyen dogon yaro ba ya motsi,
amma tsawa ta mirgina a ƙarƙashin gado,
yayyafi ya fara daga bayan ƙeyarsa,
ya ratsa ta kansa, ya sauka kan randa.
Baba ya yi zumbur:
"Tsahara! Kwashe gujiyar da ke shanya!"

Damina biyu ke nan da binne Inna.

Na miƙa hannu zan kashe.
Ya kama wuyan hannuna, bai ko lalube ba.
"Na sani," in ji shi.
"Bar shi ya zuba."

Muka zauna a bushe cikin ruwan
har ya ɗauke don kansa.

Da safe Rabe ya nuna min abin da ya rage a kwamfuta:
mutane suna ta buɗe baki, ba amo,
wata mata tana gudu ƙarƙashin ruwan da ba ya ƙara.
Ya ce wannan fa? Yana cin wuri.
Na ce goge.
Baba ya riga ya gani.